BABBAN RIM DA SIRIRIYAR TAYA: KWALLIYAR DA ƘUGU DA ALJIHU KE BIYAN KUƊINTA

Jama'a, yau mu ɗan ajiye maganar 'yan siyasa a gefe, mu sunkuya mu dubi ƙafafun motocinmu. Akwai wani yayi da ya kama gari, kuma ya tsallako daga wajen samari ya shigo cikinmu magidanta masu jiran albashi. Mutum na sayen mota, tun kafin ya yi mata juye, sai ya zarce Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, a cire rim ɗin da ta zo da shi, a ɗaura mata babba mai inci 18 ko 19, a naɗa masa wata 'yar siririyar taya kamar an zagaye faranti da robar ɗaure kuɗi. Ku leƙa wajen ajiye motoci na kowace sakatariya, ko ku tsaya ku kalli jerin motocin ɗaukar amarya, za ku gani. Corolla, Camry, Accord, duk an sa musu takalmin da ba nasu ba.

Maganar gaskiya abin yana da kyau a ido. Ba zan yi musun wannan ba, ni ma idan irin motar ta wuce an wanke ta tana sheƙi sai na bi ta da kallo. Amma akwai abin da mai sayar da rim ba zai gaya maka ba, kuma ba laifinsa ba ne, kasuwarsa yake ci. Duk incin da ka ƙara wa rim, daga jikin taya aka yanko shi. Wannan gefen taya da ake ragewa kuwa shi ne katifar farko da ke tsakanin kwalta da ƙashin bayanka.

Bari mu fara da lambobin da ke rubuce a jikin kowace taya, waɗanda da yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun karanta ba. Za ka ga an rubuta kamar haka: 195/65 R15. Lambar farko, 195, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 65, ita ce tsayin gefen tayar daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, sai dai kaso ne na faɗin, wato kashi 65 cikin 100 na 195, wanda ya kama milimita 127. Harafin R yana nuna irin saƙar zaren da ke cikinta. Lamba ta ƙarshe, 15, girman rim ne a inci.

To tsayin ƙafar mota gaba ɗaya, rim da taya a haɗe, ba ya canzawa yadda mutum ya ga dama, domin ramin da ƙafar ke juyawa a ciki yana da iyaka, kuma da wannan tsayin aka saita agogon gudu da giya da na'urar birki. Saboda haka idan rim ya girma, dole taya ta sirance. Ga misali da tayoyi biyar da duk tsayinsu a haɗe yake tsakanin santimita 63 da 64, wato duk za su iya zama a gurbi ɗaya:

195/65 R15, gefenta milimita 127
205/55 R16, milimita 113
225/45 R17, milimita 101
225/40 R18, milimita 90
225/35 R19, milimita 79

Kun gani? Wanda ya tashi daga rim 15 ya koma 19 ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na katifarsa. Kuma abin bai tsaya nan ba. Ɗan gefen da ya rage ɗin ma ana ƙera shi da tauri, don ya iya ɗaukar nauyin mota ba tare da ya lotsa ba. Ga shi gajere, ga shi da tauri. Taya mai kauri idan ta taka tsakuwa ko ɗinkin kwalta ko ɗan ƙaramin gargada, sai ta lotsa ta haɗiye shi, na cikin mota bai ma san an yi ba. Siririyar kuwa ba ta da inda za ta kai bugun, sai ta miƙa shi ga rim, rim ya miƙa wa shokazoba, abin da ya fi ƙarfin shokazoba ya wuce cikin bodi, ya hau kujera, ya sauka a ƙugunka. Shi ya sa za ka ji mota tana kakkarwa a kan titin da a ido lafiyarsa ƙalau, sitiyari na rawa a hannu, dashbod na ƙara, ƙofofi na ƙorafi.

Abu na biyu shi ne nauyi. Yawancin manyan rim ɗin da ake samu a kasuwanninmu sun fi ƙanana nauyi, tayar da ake sa musu ma ta fi faɗi. Akwai masu girma marasa nauyi, amma kuɗinsu ba na ma'aikacin gwamnati ba ne. Nauyin ƙafa kuwa ba kamar nauyin buhun da ka sa a but ba ne. Buhu a kan sipirin yake zaune, ita ƙafa a ƙarƙashin sipirin take, ita ce ke tsalle sama da ƙasa a kan kowane tudu da rami. Aikin sipirin da shokazoba shi ne su danne ta ta koma ƙasa da sauri. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun auna ƙarfinsu ne daidai da nauyin ƙafar da suka sa mata. Ka ƙara mata nauyi, sai ya zama kamar ka ɗaura wa mai gudu takalmin ƙarfe. Bugun ya ƙaru, ƙafar ta riƙa jinkirin komawa ƙasa, su kuma shokazoba da bushin da boris su riƙa shan wahalar da ba a yi su dominta ba.

Wannan ba a takarda kawai na karanta ba. Ni da wani abokin aikina motarmu iri ɗaya ce, Corolla ta 2010, kusan lokaci ɗaya muka saya. Tawa tana nan a kan rim 15 da ta zo da shi. Shi kuwa cikin watan farko ya mayar da tasa 18. Akwai ranar da muka je ta'aziyya wani gari da ke da ɗan nisa daga babban titi, mu huɗu a motarsa. A kan kwalta mai kyau hira muke lafiya lau. Muna sauka kan hanyar burji hira ta mutu, domin haƙoranmu ne ke haɗuwa. Ya rage gudu har masu babur ɗauke da buhuna suna wuce mu suna waiwaye. Wani dattijo da ke zaune a baya, wanda ya kusa ritaya, ya ce masa, "Malam, don Allah motar nan ta haya ce ko amalanke ka yi wa fenti?" Muka yi dariya, amma da muka sauka kowa sai da ya dafe ƙugu ya miƙe.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mahaifiyarsa. Tana fama da ciwon baya, duk wata yana kai ta asibiti. Wata rana da safe ya kira ni yana ɗan jin nauyi, ya ce ko zan ba shi aron motata na rabin yini. Na ce lafiya, taka ta lalace ne? Ya ce a'a, Hajiya ce ta ce in dai a wannan motar ce gara ta haƙura da ganin likita. Da na kai musu motar na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Ita ta abokin naka kyan ɗan maciji ce, duk ramin da ta taka a bayana yake sauka." Tsohuwar nan ba ta san 65 ko 40 ba, amma jiki magayi. Inji ɗaya, bodi ɗaya, kujeru iri ɗaya, bambancin kawai milimita 37 na roba da iska.

Mu masu tuƙi mu ne muka fi kowa rashin jin abin. Muna riƙe da sitiyari, muna ganin ramin tun daga nesa, jikinmu ya shirya kafin a taka. Na baya ba ya gani, bugun kawai yake ji. Kuma su wa muke sawa a baya? Iyayenmu, matanmu masu juna biyu, jarirai, marasa lafiya. Mu muke shan yabo a bakin majalisa, su suke biya da jikinsu.

Yanzu mu zo kan rami, wanda shi ne ainihin abokin zamanmu a titi, musamman daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta. Idan ƙafa ta faɗa rami da gudu, bakin ramin yana matse taya ya tura ta zuwa bakin rim. Mai kauri tana da tazarar da za ta lotsa ta dawo. Siririya kuwa nan take take ƙarewa, sai robar ta shiga tsakanin ƙarfe da kwalta kamar yatsa a bakin ƙofa. Zaren da ke cikin gefen ya tsinke, washegari ka ga ta yi kumburi a gefe kamar ƙwai. Wannan kumburin ba ya facuwa. Duk mai facin da ya ce zai gyara maka shi, kuɗinka kawai zai karɓa, kuma tayar na iya fashewa a kowane lokaci, musamman da rana tsaka ana gudu kwalta ta ɗau zafi. Idan bugun ya yi tsanani rim ɗin kansa ya lanƙwashe ko ya tsage. Rim na ƙarfe idan ya lotsa ana iya buga shi ya miƙe a ci gaba da lallaɓawa. Na alminiyon nan mai sheƙi tsagewa yake yi, sai a kai wa mai walda, bayan wata biyu ya fara sace iska, ko ya sake buɗewa a gefen waldar.

Akwai kuma wani lissafi da ba a cika yi ba. Ramin da ya ci tayar gaba, sau da yawa shi zai ci ta baya a ɓangare ɗaya, domin layi ɗaya suke bi. Safaya kuma guda ɗaya ce a but. A nan ne maganar ta tashi daga jin daɗi ta koma tsaro. Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya san akwai wuraren da ba a fatan tsayawa ko da rana, balle magariba ta kawo kai. Wanda ya san hanyar Birnin Gwari ko ta Funtuwa zuwa Gusau a shekarun nan ya san abin da nake nufi. Ka tsaya a daji da iyali, tayoyi biyu a kwance, saboda kwalliya? Ko ka samu ka lallaɓa zuwa ƙauye na gaba, ka tambayi mai faci 195/65 R15, akwai yiwuwar ya zaro maka ko da tsohuwa ce ta kai ka gari. Ka tambaye shi 225/35 R19 kuwa, zai ce, "Yallaɓai, wannan sai dai Kano ko Kaduna." Cire ta daga rim ma da ƙarfen hannu aiki ne, kafin ya gama ya kankare maka fentin da ka saya da tsada.

Wani zai ce, to in haka ne me ya sa kamfanonin da suka fi mu sani suke fito da sababbin motoci da manyan rim? Tambaya ce mai kyau, kuma suna da dalilansu. Na farko birki. Mota mai nauyi da ƙarfin inji tana buƙatar babban faifan birki, shi kuma a cikin rim yake zama, dole rim ya ba shi wuri. Na biyu, gajeren gefe mai tauri ba ya lanƙwasa a kwana, don haka sitiyari ya fi saurin amsawa, motar ta fi zama daram idan aka sha kwana da gudu a kan titi mai santsi. Na uku, kuma su ma ba sa ɓoyewa, yana sayar da mota, ido yana so. Tun tsakiyar shekarun 1970 da kamfanin Pirelli na Italiya ya fito da tayarsa P7 don motocin tsere da irin su Porsche, salon yake ta gangarowa har ya iso motocin kai yara makaranta. Amma ku lura, idan kamfani ya sa babban rim, yakan saita sipirin da shokazoba su dace da shi, kuma titin Jamus ko Japan yake hange. Kai kuwa da ka ɗaura wa Corolla rim 18, birkinta na nan yadda yake, ɗan ƙaramin faifai a tsakiyar ƙaton rim. Ba ka samu ribar farko ba. Riba ta biyu kuma, a ina za ka ci ta? A kwanar Kasuwar Rimi ko a cunkoson Mararraba?

Masu ganin babban rim alamar gudu ne, ga abin dubawa. Motocin tseren Formula 1, waɗanda ke wuce kilomita 300 a awa, sun yi shekaru da dama a kan rim mai inci 13 da taya mai ƙaton gefe. Sai a 2022 suka koma 18. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne tseren rali na duniya, inda mota ɗaya take tsere wani lokaci a kan kwalta, wani lokaci a kan tsakuwa da turɓaya. Ranar kwalta suna sa mata rim 18 da siririyar taya. Ranar hanyar burji sai su cire su sa 15 da taya mai kauri. Mutanen da ke da injiniyoyi da kuɗi kamar ƙasa, sun san hanya ce ke zaɓar taya. To mu tambayi kanmu tsakani da Allah, daga ƙofar gidanka zuwa ofis, zuwa garinku, wace irin rana ce ta fi yawa?

Ba sai mun je Turai ba ma. Ku dubi mutanen da mota ce gonarsu. Direbobin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin garuruwa, masu bas ɗin Hiace, masu Hilux da ke ratsa sahara daga Agadas. Kun taɓa ganin ɗayansu ya sa siririyar taya? Su da ke kwana a hanya sun san abin da ke kai mutum gida. Na sahara ma har rage iska suke yi idan sun shiga rairayi don tayar ta baje, abin da ba zai yiwu ba sai da gefe mai tsayi.

Mu da muka haura arba'in mun taso a bayan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da ta lashe tseren Safari na Kenya. Rim ɗinta inci 14 ne kacal, tayarta kuwa cike da gefe, wajen milimita 140. Haɗe da sipirin mai dogon zango da kujeru masu laushi, shi ya sa ake cika ta da mutane da kaya a bi hanyar ƙauye da ita yara na barci a baya. Ba ina cewa motar da ta fi ta yau ba ce, ta yau ta fi ta birki da tsaro da tattalin mai nesa ba kusa ba. Amma waɗanda suka ƙera ta sun yi lissafi da irin hanyar da za ta bi, kuma hanyar nan ba ta canza sosai ba a wurare da yawa.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce ta sa na ga batun ya cancanci wannan shafin. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 aka tsayar a Yulin 2024. Taya kuwa ba ma yin ta a gida. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙerawa a Ikeja a 2008. Kusan duk tayar da ke ƙarƙashin motocinmu da dala aka shigo da ita. Kuma kowa ya je ya taya a kasuwa zai tarar, a kamfani ɗaya, ta rim 18 ta fi ta rim 15 tsada sosai. Ga tsadar saye, ga saurin lalacewa a rami, ga kuɗin walda da saitin ƙafa, ga bushin da shokazoba da za a riƙa canzawa kafin lokacinsu.

Har mai ma tana ƙara sha. A 2010 mujallar motoci ta Amurka, Car and Driver, ta ɗauki Volkswagen Golf guda ɗaya ta gwada ta da rim daga inci 15 har zuwa 19. Da aka kai 19, nisan da motar ke yi da adadin mai ɗaya ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuma ta ɗan ƙara nauyin tashi. Wato an kashe kuɗi an sayo ƙarin shan mai da raguwar kuzari. Kowa ya lissafa abin da yake zubawa a tanki duk wata, ya cire kashi ɗaya cikin goma, ya gani ko kuɗin cefanen kwana nawa ne.

Daga nan ne kuma wani haɗarin yake ɓullowa. Wanda ya ƙure kansa ya sayi rim, ranar da taya ta fashe sai ya tarar sabuwa ta fi ƙarfinsa, sai ya koma wa 'yar Beljiyam. Tsohuwar taya, siririya, wadda ba ka san ramukan da ta sha a ƙasar da ta fito ba. Dokar ƙasa ma ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kullum tana jan kunne cewa a daina amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Ranar haihuwar kowace taya na rubuce a gefenta, lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Duk wanda zai sayi taya, sabuwa ko tsohuwa, ya duba wannan kafin ya zaro kuɗi.

Maganar iska ma tana da nata. Taya mai kauri idan iskarta ta ragu ido na iya gani, tana yin tumbi a ƙasa. Siririya kuwa saboda taurin gefenta za ta iya rasa iska mai yawa tana tsaye kamar lafiya, sai rami na farko ya tona asiri. Don gudun haka sai wasu su ce wa mai faci ya ɗura mata 45 ko 50, wai don a kare rim. Sai motar ta koma kamar ana tuƙa ta a kan duwatsu, tsakiyar tayar ya riga gefe cinyewa, riƙon ƙasa ya ragu. Adadin iskar da motarka ke buƙata yana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

To mene ne abin yi? Ga abin da nake gaya wa ƙannena da 'ya'yan 'yan uwa idan sun zo shawara.

Idan motarka tana kan rim ɗin da kamfani ya sa mata, a bar kaza cikin gashinta. Kuɗin rim ɗin ka sayi tayoyi huɗu sababbi masu kyau da shi, ka gyara shokazoba, za ka ji kamar ka canza mota.

Idan ƙarfen ne ba ka son gani, akwai rim na alminiyon masu kyau a daidai girman naka. Ka samu kwalliyar, katifarka na nan.

Idan zuciya ta matsa sai an ƙara, inci ɗaya ya isa, kuma kada lambar tsakiya ta sauka ƙasa da 55 a ƙaramar mota. A tabbatar tsayin ƙafar gaba ɗaya bai kauce daga na asali da fiye da kashi 3 cikin 100 ba, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, kuma ranar da ka cika mota da iyali da buhun shinkafa za a tafi sallah gida, taya za ta riƙa gugar bodi. A duba ramukan noti su dace daidai, kada a yarda da "za mu ɗan gyara shi ya shiga". A duba lambar nauyi ma, irin 91V ɗin nan da ke bayan girman taya. 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615. Kada a sa wadda ta gaza abin da kamfani ya rubuta.

Idan tokumbo za ka saya, ka sani mota ɗaya tana zuwa da ƙafa iri iri. Camry ta 2007 zuwa 2011, misali, samfurin LE na zuwa da 215/60 R16, gefe milimita 129. Samfurin SE kuma 215/55 R17, milimita 118, da sipirin mai tauri. Dillali zai nuna maka ta biyun ya ce ita ce babba. Kai dai ka ce a ba ka makulli, ka sa wani a kujerar baya, ku bar titin gaban shagon ku shiga layin unguwa mai gargada. Minti goma sun isa.

Wanda kuma motarsa ta riga ta zo da ƙaton rim, ko ya riga ya saka, ƙofa ba ta rufe ba. Sau da yawa ana iya sauka inci ɗaya ko biyu matuƙar rim ɗin bai taɓa birki ba, bakanike mai hankali zai gwada maka a ƙafar gaba kafin ka biya. Kuma da yake yayin na ci, za ka samu mai sayen naka har ka yi ciko kaɗan ko ma a ba ka canji.

Na san akwai masu cewa ai laifin gwamnati ne, ta gyara hanya kowa ya sa tayar da yake so. Gaskiya ne, haƙƙinmu ne, kuma kada mu gaji da nema. Amma ni ma'aikaci ne, na san tazarar da ke tsakanin sa hannu a fayil da zuba kwalta. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano tun ƙarshen 2017 aka bayar da kwangilarsa, kowa shaida ne kan shekarun da aikin ya ci. Wannan babban titin tarayya kenan da idon kowa ke kai, ina ga layin unguwarku? Kafin gyaran ya iso, da hanyar da ke ƙasa za ka yi lissafi, domin ita za ka taka gobe da safe.

Masu cewa kuɗina ne, ra'ayina ne, su ma ban ƙi tasu ba. Saurayin da ba ya fita daga manyan titunan Abuja, shi kaɗai a motarsa, ya sha kwalliyarsa, Allah ya ƙara buɗi. Magana ta da mai iyali nake, mai mota ɗaya tilo wadda ita ce ta ofis, ita ce ta makaranta, ita ce ta asibiti da tsakar dare, ita ce ta zuwa gida. Irin wannan motar, kafin a canza mata ƙafa, a tambayi waɗanda ke zama a baya.

Makanikai da masu faci da direbobin haya da ke bibiyar shafin nan, ku ne a cikin abin kullum, ku faɗa mana wace lambar taya ce ta fi zuwa muku da kumburi da fasasshen rim. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.